Wi-Fi na makaranta da wayarka: ina gaskiya, ina ƙarya?

Duk lokacin da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda suka dawo hutu daga Shinkafi, Zurmi da sauran garuruwa, jita-jita kan Wi-Fi na kyauta da wayar hannu sai ta sake tashi. Ga abin da ya tabbata da wanda bai tabbata ba.

"Mai kula da Wi-Fi yana karanta hirarka ta WhatsApp." Ƙarya ne. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙo daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa. Abin da mai kula da layin zai iya gani shi ne sunan shafin da ka shiga, lokacin da ka shiga, da yawan datar da ka ci.

"Ana iya kafa Wi-Fi na bogi da sunan makaranta." Gaskiya ne, kuma ba ya buƙatar gwaninta: kowa na iya sa wa hotspot ɗinsa sunan da ya ga dama. Idan ka hau, sai a nuna maka shafi mai neman kalmar sirrinka. Tambayi ofishin kwamfuta na makaranta ainihin sunan layinsu.

"Ɗaga kiran wata lamba yana kwashe kuɗin asusu." Ƙarya ne. Ƙanwar tsohuwar jita-jitar nan ce ta lambar da ke kashe mutum, wadda hukumar sadarwa ta NCC ta ƙaryata a 2011. Abin da ke kwashe kuɗi shi ne ka karanta wa mai kira lambar da banki ya turo maka; lambobi 6 na WhatsApp kuwa, da su ake ƙwace maka WhatsApp ɗinka. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya.

"Wanda ya sace waya zai iya taɓa kuɗinka ba intanet." Gaskiya ne. Layinka yake nema, don da shi ake tura kuɗi ta lambobin banki. Sa wa layin makulli, kada ka ajiye lambar sirri ko BVN cikin sunayen wayarka, kuma ka kulle wayar kafin ka miƙa ta wurin mai caji.

Ɗan'uwa, mafi yawan ɓarayin nan da hannunka suke so ka buɗe musu ƙofa. Lambar sirrinka taka ce kai kaɗai, ko abokin ɗakinka kada ka ba.