Sirrin Alƙaluman Gwangwani: Yadda Ake Auna Ingancin Abincin Karnuka

A ƙasashen Turai da Amurka, haɗa abincin karnuka babbar sana'a ce. Ana sayar da shi busasshe a buhu, ko kuma mai romo a gwangwani. Jikin kowane gwangwani akwai jadawali mai nuna yawan furotin da kitse da ruwan da ke ciki. Amma waɗannan alƙaluma suna iya ruɗar mai saye, in bai yi ɗan lissafi ba.

Abu na farko shi ne ruwa. Abincin gwangwani yakan ƙunshi ruwa kashi 75 zuwa 78 cikin ɗari, busasshe kuwa kimanin kashi 10 kacal. Alal misali, a ce gwangwani ya nuna furotin kashi 8 da ruwa kashi 78, buhu kuma ya nuna furotin kashi 25 da ruwa kashi 10. Da gani sai a ce na buhu ya fi. To amma in an cire ruwa, tsabar abincin da ya rage a gwangwani kashi 22 ne. A raba 8 da 22, a ninka sau 100, za a sami kimanin kashi 36. Na buhu kuwa, 25 a raba da 90, a ninka sau 100, bai kai kashi 28 ba. Ashe na gwangwanin ne ke kan gaba. Da irin wannan ma'auni ne ƙungiyar AAFCO ta Amurka ta ƙayyade cewa kada furotin ya gaza kashi 18 ga babban kare.

Haka kuma, ana jera kayan haɗi ne gwargwadon nauyinsu, mafi nauyi a farko. Tun da ɗanyen nama galibinsa ruwa ne, zuwansa a sahun gaba bai isa hujjar inganci ba.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. A ɗakin gwaji, ba furotin kansa ake aunawa ba. Tun 1883 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johan Kjeldahl, ya fito da hanyar tafasa samfurin abinci cikin asid mai ƙarfi domin gano yawan naitirojin ɗinsa. Da yake kimanin kashi 16 na nauyin furotin naitirojin ne, sai a ninka abin da aka samu sau 6.25. Raunin wannan hanya shi ne ba ta bambance inda naitirojin ya fito.

Ta wannan kafa ce 'yan algus suka shiga. A watan Maris na 2007, kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwani da fakiti kimanin miliyan 60 daga kasuwa, bayan karnuka da kyanwoyi sun kamu da ciwon ƙoda, wasu har sun mutu. Bincike ya nuna cewa garin alkamar da aka shigo da shi daga Sin domin kaurara romo an gauraya shi da melamin, sinadarin da ake ƙera faranti da kofuna da shi. Kashi biyu bisa uku na nauyin melamin naitirojin ne, saboda haka ya sa garin ya zama kamar mai yalwar furotin. In ya haɗu da wani ɗan'uwansa, asid na sayanurik, sai su daskare su zama tsakuwa, su toshe ƙoda.

Masifar ba ta tsaya kan dabbobi ba. A 2008 an sami melamin cikin madarar jarirai a ƙasar Sin, inda yara kusan 300,000 suka yi rashin lafiya, aƙalla 6 suka rasu. Daga nan ne hukumomin abinci na ƙasashe da dama suka fara gwajin melamin shi kaɗai.

Malamai na iya kawo gwangwanin kifi ko na madara aji, ɗalibai su karanta jadawalinsa, su gwada wannan lissafi da kansu.