Daga karin magana zuwa aya: yadda ake ciro darasin kiristanci daga al'adun yau da kullum cikin harshen hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sauraren wa'azin kirista cikin harshen hausa, a majami'a ko a rediyo, ya san cewa ba kullum mai wa'azi yake farawa da aya ba. Sau da yawa yakan fara da karin magana, ko tatsuniya, ko labarin wani fim da kowa ya gani, sannan ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya nuna ma jama'a inda zantukan biyu suka haɗu. Masana tauhidi suna da muhawararsu bisa halaccin wannan dabara. Mu abin da ya shafe mu a nan shi ne aikin harshe: ta wace hanya ce zancen kasuwa da zancen littafi suke gamuwa cikin kunnen mai saurare?

Ra'ayin da za mu kare shi ne: mai wa'azi ne ke gina gada tsakanin zantukan biyu, kuma mafi yawan lokaci kalma guda ce ginshiƙin gadar. Kalmar kuwa takan zo da dukan ma'anonin da jama'a suka san ta da su, har da waɗanda mai wa'azi bai gayyata ba.

1. Tushen dabarar

Dabarar ta girmi wa'azin hausa nesa ba kusa ba. Cikin sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni, Bulus ya tsaya gaban mutanen Atina, ya fara da wani rubutu da ya gani bisa bagadinsu, kuma ya kafa hujja da mawaƙansu, cikinsu har da Aratus, wanda ya rayu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya malamai biyu na arewacin Afirka suka bambanta. Tartuliyan na Kartaj, wajen shekara ta 200, ya rubuta littafi yana hana kirista zuwa wuraren wasanni da kallo. Ogustin, wanda ya rasu a shekara ta 430 a garin da ake ce ma Annaba yau, ya kwatanta ilimin al'ummai da zinariyar da Isra'ilawa suka fito da ita daga Masar: abin da yake na gaskiya a ɗauke shi, a sa shi sabon aiki. Mai wa'azin da ya fara da karin magana hanyar Ogustin yake bi, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

2. Kalmomin da aka tarar

Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa hausa ta soma tun shekarun 1850, da aikin J. F. Schön. Babban mataimakinsa shi ne Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya kai Ingila a shekara ta 1855. Cikakkiyar fassara ta fito a shekara ta 1932 bisa jagorancin Walter Miller na Zariya, wata sabuwa kuma a shekara ta 1979. A nan Nijar, ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a shekara ta 1924, daga baya Tsibiri, kuma sun buɗe asibitin Galmi a shekara ta 1950. Da hausa suka yi aikinsu a waɗannan wurare.

Masu fassara sun tarar da harshen da musulunci ya riga ya ba kalmomin addini tun ƙarnuka da dama. Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, bishara, duka daga larabci suka shigo. Ubangiji, ceto, fansa da ƙauna kuwa suna bakin jama'a da ma'anoninsu. Fassarar 1979 ta ƙara matsowa kusa da zancen kowa: inda ta 1932 ta rubuta Kristi, ita ta rubuta Almasihu, kuma littafin da aka sani da Misalai ya koma Karin Magana. Sakamakon haka, kusan kowace kalma da mai wa'azi zai kama tana da mai ita tun kafin shi.

3. Gadoji iri uku

3.1. Kamannin siffa

Gada mafi sauƙi ita ce inda zantukan biyu suke da ƙira iri guda. Mu dubi waɗannan:

(1) Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.
(2) In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Misali na (1) yana tafiya da Matiyu 7:3-5, inda ake zancen mai hangen ɗan haki a idon ɗan'uwansa alhali gungume na cikin nasa. Mutum biyu, laifi biyu, da aikatau na gani: ƙirar guda ce. Amma akwai bambanci. A karin maganar laifin mutum yana ƙarƙashin ƙafarsa, shi ke ba shi tsawon hangen wani; a bishara cikin idonsa yake, yana makanta shi. Ƙari ga haka, karin maganar bayanin hali take yi (tudu ne), ayar kuwa umurni take bayarwa, a fara da fid da na kai. Misali na (2) yana tafiya da Karin Magana 26:27. Dukansu sun yarda cewa mai gina rami shi ke faɗawa, sai dai bahaushe cikin zolaya ya faɗi nasa, kamar mai ba mugu shawara. A irin wannan gada hatsari kaɗan ne, domin mai saurare yana iya riƙe hotuna biyu gefe da gefe.

3.2. Kalma guda, lissafi biyu: alheri

Alheri, daga larabci al-khayr, ita ce kalmar da masu fassara suka ɗora ma nauyin charis ta helenanci, wadda faransanci ke ce ma grâce. Ga yadda jama'a suka san ta:

(3) Alheri gadon barci ne.
(4) Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Cikin (3) da (4) alheri abu ne da ke komo ma mai shi. Wanda ya yi shi, shi zai kwanta bisansa. Wannan ya dace da tsarin kyauta da Guy Nicolas ya yi nazari a ƙasar Maraɗi cikin littafinsa na shekara ta 1986: abin da mace ta kai ma ƙawarta ranar biki ana riƙe lissafinsa, kuma za a mayar mata, sau da yawa har da ƙari. Kyauta a nan tana ƙulla zumunci domin tana haifar da bashi.

Afisawa 2:8-9 kuwa tana koyar da cewa ceto kyauta ce da aikin mutum bai jawo ba, ba kuma mai iya ramawa. Idan mai wa'azi ya fara da (3) ya sauka bisa wannan aya ba tare da bayani ba, mai saurare yana iya fita da akasin darasin, watau cewa Allah yana rama ma mutum alherin da ya shuka ne. Gwanin mai wa'azi yakan yi amfani da wannan tazara kanta: ya kafa lissafin biki har kowa ya gyaɗa kai, sannan ya tambaya me za a ce da kyautar da aka kai gidan wanda bai taɓa kai ma kowa ba. Darasin yana fitowa daga wurin da ma'anonin biyu suka rabu.

3.3. Kalma mai fuska da yawa: fansa

A nan ne matsalar da masana ke kira polisemi, watau tarin ma'anoni cikin kalma guda, ta fi fitowa fili:

(5) a. Bawa ya fanshi kansa daga ubangijinsa.
b. Sun biya kuɗin fansa.
c. Ya rantse sai ya ɗau fansa.
d. Ya fanshi Alƙur'ani.

Abin da ya haɗa huɗun shi ne ba da wani abu a madadin wani: kuɗi a madadin wuya, jini a madadin jini, ko kuɗi a madadin littafin da darajarsa ta fi ƙarfin a ce an saya. Faransanci ya raba filin nan daban. Rançon da rédemption tushensu guda ne cikin latinanci, amma vengeance kalma ce ta wani gida. Saboda haka wa'azin da aka shirya da faransanci aka gabatar da hausa yana samun ƙofar da babu ita cikin takardar asali.

Ƙofar tana da amfani wajen fim. Ɗaukar fansa tsohon jigo ne cikin finafinan Indiya da hausawa suka daɗe suna kallo, kuma ba baƙo ba ne cikin finafinan bidiyo na hausa da suka soma da Turmin Danya a Kano a shekara ta 1990. A ce mai wa'azi ya ba da labarin yaron da aka kashe ma uba, ya girma ba shi da buri sai (5c). Daga nan yana iya kawo Romawa 12:19, wadda ta hana ramuwa ta bar ma Allah sakayya, sannan Markus 10:45, inda Almasihu ya ce ransa zai bayar domin kuɓutar da mutane da yawa. Suna bai sauya ba, aikatau ne ya sauya: ɗaukar fansa ta koma ba da fansa. Dukan wa'azin yana rataye bisa wannan musaya ta aikatau guda.

Amma (5b) ba ta barin wurin. Tun ƙarshen shekarun 2010, garkuwa da mutane ta addabi ƙauyukan iyaka a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, kuma akwai iyalan da suka sayar da dabbobi da gonaki domin su karɓo nasu. Mai sauraren da ya taɓa haɗa irin wannan kuɗi, da ya ji kalmar fansa tambayarsa ta farko ita ce: wa aka biya? Tambayar tsohuwa ce. Orijen, a ƙarni na 3, ya ga cewa Shaiɗan ne mai riƙe da kamammun; Anselm na Kantabari, a ƙarshen ƙarni na 11, ya ƙi wannan, ya ce haƙƙin na Allah ne. Abin lura ga masanin harshe shi ne, rayuwar yau ce ta ɗaga ma'ana guda bisa sauran, har ta maido da muhawarar da ba a shirya mata ba.

4. Iyakar da nau'in zance yake sawa

Akwai kuma matsalar da ta wuce kalma. Yana da sauƙi a kwatanta wayon Gizo da na Yakubu, wanda ya karɓe albarkar wansa Isuwa cikin Farawa 27. Sai dai tatsuniya tana da tambarinta: mai ba da ita yakan rufe da amsa cewa ƙarya ya shirya, ya ɗora ma Gizo. Mai wa'azi kuwa yana son a karɓi labarin Yakubu a matsayin gaskiya. Dole ne ya sa alamar sauya nau'i, da murya, ko da buɗe littafi, ko da faɗin sura da aya; in ba haka ba tambarin tatsuniya ya bi labarin na biyu. Karin magana ba ta da wannan matsala, domin jama'a sun riga sun ɗauke ta gaskiya.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfin dabarar da hatsarinta wuri guda suke fitowa, watau kalmar da kowa ya sani. Aron kayan jama'a domin addini bai tsaya ga kirista ba: masu bandiri a Kano sun ɗora yabon Annabi bisa karin waƙoƙin Indiya, kamar yadda Brian Larkin ya nuna. Can sauti ne gadar, nan ma'ana.

Ga ɗaliban da ke son shiga wannan fage muna ba da shawara uku. Ta farko, in an ɗauki wa'azi a rubuta shi duka, a ware jimlar da mai wa'azi ya tsallaka da ita daga labari zuwa aya, domin can ne aikin yake. Ta biyu, a tambayi masu saurare abin da suka ji, har da maƙwabta musulmi da ke ji ta rediyo, tunda kalmomin na kowa ne. Kalmar ceto kaɗai ta isa kundi guda: ga musulmi ta fi nuna roƙon da Annabi zai yi ma al'ummarsa ranar ƙiyama, ga kirista kuwa aikin da aka riga aka gama. Ta uku, ƙamus na hausa da faransanci da za a yi nan gaba ya kamata ya jera waɗannan ma'anoni, kowace da misalinta da masu amfani da ita, domin mai fassara ya san abin da ya ɗauko kafin ya sa shi cikin jimla.