Ma'aunin Gudun Harsashi: Yadda Yake Aiki da Abin da Ake Dubawa Kafin a Zaɓe Shi

Bindigar toka, wadda ake kira adaka ko harba-ruga a wasu wurare, ta bambanta da bindigogin zamani ta fuska guda mai muhimmanci, wato kowane harbi da za a yi da ita sai maharbi ya ɗura shi da hannunsa, ya zuba albarushi ta baki, ya danna da sanda, ya bi da dalma, sannan ya toshe da tsumma. Bindigar ta daɗe a hannun Hausawa, domin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, aka shigo da bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Sarki Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. A ƙasar Ibo kuwa maƙeran Awka, garin da ke kan hanyar Inugu zuwa Anaca, sun yi suna wajen ƙera ta tun kafin Turawa su kafa mulki.

A birnin Inugu waɗannan al'adu biyu sun zauna kusa da juna fiye da shekara ɗari. An gano kwal a yankin a 1909, aka fara haƙarsa a 1915, layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal a 1916, kuma unguwar Coal Camp ta samo asali ne daga gidajen leburorin ma'adinin. Fataken arewa sun biyo jirgin ƙasa da shanu da goro da albasa, suka yi kaka-gida har ɗaya daga cikinsu, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A yau an fi sanin Coal Camp da kayan gyaran mota da rumfunan masu walda, kuma duk wanda ya zauna da waɗannan masu sana'a ya san ba su yarda da aikin ido kaɗai ba, sai sun ɗora ma'auni a kan ƙarfe. Ɗurin bindiga ne har yanzu ake yi da ƙiyasi, ana auna kyansa da ƙarar da ya yi da kuma yadda ya bugi kafaɗa, alhali duka biyun ba sa faɗin gudun da harsashi ya fita da shi.

Na'urar da ke faɗin wannan gudu ita ce kuronogiraf, kuma aikinta shi ne ƙirga lokacin da harsashi ya ɗauka wajen ratsa wata tazara da aka riga aka sani, sai ta fitar da gudunsa a mita ko ƙafa cikin daƙiƙa. Baturen Ingila Benjamin Robins ne ya fara warware matsalar a 1742, inda ya rataye katako mai nauyi yana harbinsa, yana lissafa gudun daga nisan lilon da katakon ya yi. A 1864 wani hafsan sojan Beljiyam, Le Boulengé, ya fito da wata dabara ta lantarki wadda harsashi ke tsinka wayoyi biyu ɗaya bayan ɗaya. Dalilin wannan wahala duka shi ne ƙarfin bugun harsashi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunsa, ya fi shi saurin hawa: idan gudu ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ƙarfin bugu zai ƙaru da kashi 21, idan kuma gudu ya ninka biyu, ƙarfin zai ninka huɗu.

Nau'in da ya fi araha kuma ya fi yaɗuwa shi ne mai aiki da haske. Akwati ne ɗan dogo mai idanu biyu masu kallon sama, tsakaninsu kamar santimita 30 ko 60, kowanne da 'yar rumfar farar roba a kansa, ana kafa shi kamar mita 3 gaban bakin bindiga. Idan inuwar harsashi ta gifta ido na farko agogo ya tashi, idan ta gifta na biyu ya tsaya, kuma harsashin da ke gudun mita 300 a daƙiƙa yana ratsa santimita 30 ne a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Tunda inuwa yake nema, duk abin da ya taɓa haske ya taɓa sakamako. Rana tsaka mai ƙyalli tana ruɗa shi, fitilar cikin ɗaki mai ƙyaftawa ma haka, abin mamaki kuma ranar da hadari ya lulluɓe sama, irin wadda Inugu ba ta rasawa da damina, ita ce ta fi yi masa daɗi saboda hasken yana sauka bai ɗaya. Ga mai bindigar toka akwai ƙarin matsala, domin hayaƙi da tartsatsin albarushi da tsumman toshiya duk suna bin harsashin, na'urar tana iya ƙirga ɗaya daga cikinsu a maimakonsa, don haka sai an matsar da ita nesa, matsarwar kuwa tana ƙara yiwuwar maharbi ya kuskure ya fasa akwatin da kansa, wanda shi ne ajalin da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori.

Nau'i na biyu, wanda kamfanin MagnetoSpeed na Amurka ya yi fice da shi, ana ɗaure shi ne a jikin bututun bindiga ya miƙo gaba, yana jin giftawar harsashi ta hanyar maganaɗiso. Ba ruwansa da haske, amma nauyinsa yakan sauya inda harsashi ke faɗawa, saboda haka ba a gwada saiti da gudu a lokaci guda da shi, kuma ba kowane bututu yake zama a kai ba.

Na uku shi ne mai aiki da rada. Ana ajiye shi a gefen maharbi, ya aika igiyar rediyo ta bi harsashin ta dawo, daga sauyin da igiyar ta samu yake gane gudun. Na'urar LabRadar ce ta fara kawo wannan fasaha hannun gama-garin maharba, sannan a 2023 kamfanin Garmin ya fitar da Xero C1 Pro, wanda ke shiga aljihu kuma yake auna gudu daga ƙafa 100 zuwa 5,000 a daƙiƙa. Babu abin da ake kafawa a gaban bindiga, haske bai dame shi ba, babban aibinsa tsada, domin kuɗinsa ya ninka na mai haske sau da yawa, ga shi da dala ake sayensa.

Kowane nau'i aka zaɓa, lambar harbi ɗaya ba ta da amfani sosai. Abin da masana ke nema shi ne daidaito, sai su yi harbi 10 ko fiye da ɗuri iri ɗaya, su fitar da matsakaicin gudu, su duba tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri. Idan tazarar ta yi faɗi, harsasai za su warwatsu sama da ƙasa a nesa komai ƙwarewar mai saiti, kuma hakan yakan nuna awon albarushi bai daidaita ba, ko ya sha danshi. Na'urar da ke adana lambobin ta yi wannan lissafi da kanta ta fi wadda sai an bi ta da biro da takarda. Akwai kuma iyakar da ya kamata a sani: kuronogiraf ba ya auna matsin da ke cikin bututu, matsin kuwa shi ne ke fasa bindiga ya tafi da yatsu ko ido. Bututun da aka yi da ƙarfen da ba a gwada ƙarfinsa ba yana iya tarwatsewa a gudun da na'urar za ta nuna matsakaici ne.

A Amurka ɗura harsashi a gida sana'ar sha'awa ce da doka ta yarda da ita, shi ya sa kasuwar waɗannan na'urori ta fi ƙarfi a can. A Najeriya abin ba haka yake ba, domin Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera ko harhaɗa makami da harsashi sai da izinin hukuma, ta kuma ɗora lasisin bindigar farauta mai kwanso a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, lamarin bindigar toka kuwa a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, yayin da ƙera harsasan jami'an tsaro yake hannun masana'antar DICON ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Masu buƙatar ma'aunin a nan su ne ma'ajiyar makamai ta hukuma da ɗakunan binciken laifuka da filayen wasan harbi masu rajista. A wurinsu, mai haske ya wadatar idan kuɗi kaɗan ne kuma ana aiki a sarari, amma inda ake harbi kullum, ko ake gwada bindiga mai hayaƙi, mai rada ne ya cancanci kuɗinsa.