Godiya Ba A Baki Kaɗai Take Ba

A tarihin Daura an ce kafin zuwan Bayajidda, macijin rijiyar Kusugu ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Wanda ya jira mako guda ya san darajar tulu ɗaya. Mu da muke samun ruwa kullum mun daina lissafa shi cikin alherin Allah.

Haka muke yi da iyali da sana'a. Dattawanmu na Baure, Zango da Mai'aduwa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da rumbuna suka zama wayam, magidanta suka tafi cin rani suka bar mata da yara. Yau in gero ya yi kyau, sai mu ce ƙoƙarinmu ne.

A Luka sura 17, Yesu ya warkar da kutare 10, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya. 'Yan'uwa, ranar bikin godiyar kaka kada mu tsaya ga dami guda a gaban ikilisiya. Mu auna wa gwauruwa hatsi, mu biya wa maraya kuɗin makaranta, mu kuma gode wa uwargida da ta yi ta kai mana abinci gona duk damina.