Taya 'Yar Beljiyam Ba Ta Fi Sabuwa Ƙwari Ba

Na gaji da jin wannan magana a tashoshin mota da rumfunan masu faci: wai taya 'yar Beljiyam, wato tsohuwar da ake shigowa da ita daga Turai, ta fi sabuwa jure ramuka da gargada, don Turawa kansu suka yi wa ita. Direba zai ƙwanƙwasa ta da sifana, ya ce wa mai motar, "Alhaji, wannan ai ƙarfe ce," a biya, a ɗora mata fasinja maƙil da buhuna.

Taurin nan da yake yabo shi ne ciwon. Roba in ta tsufa bushewa take yi, ta tsattsage a gefe, zare da wayar da ke ciki su saki. Rami kuwa taya mai lanƙwasawa ta dawo yake so. Busasshiya fashewa take. Wasu ma don hunturun Turai aka ƙera su, za ka ga alamar dutse da ƙanƙara a jikinsu. Ka ɗora irin wannan a kwaltar Sakkwato cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, me kake jira? Kuma Baturen da ya cire ta ba don ƙaunarmu ya cire ba, zanenta ne ya doshi milimita 1.6, iyakar da dokarsu ta yarda. Sai wani marar tsoron Allah ya sake yanka mata zane da ƙarfe mai zafi, ya goge ta tana ƙyalli. A jirgi ma cusa taya ake yi cikin taya don rage kuɗin dako, bakin da ke kama wili ya lalace tun ba ta taka ƙasa ba. Hukumar Kwastam ta haramta shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma kasuwa cike take da su. Na san tsadar sababbi na cikin dalili, musamman tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008. Jabun sababbi ma suna nan.

In hanyarka burji ce ko ta lalace, karanta gefen tayar kafin ka taya. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira, ko da a shago ta yi su. Mai bas ko a-kori-kura ya nemi mai harafin C ko LT, kamar 195R15C mai 8PR, don gefenta ya fi kauri. Duba lambar lodi kuma: 91 kilo 615 ce ga kowace taya, 100 kuwa kilo 800. Lodin da ya wuce nan, ko sabuwa fil ce ba ta ɗauka.

Sai iska. Kada ka bar mai faci ya auna da dukan hannu, ya sa geji, da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da ke manne a ƙofar direba. Iska ta yi yawa, rami ya fasa ta. Ta yi kaɗan, ta ɗau zafi ta tarwatse ana tsakar gudu. In ka ga ƙullutu ya fito a gefe, zaren ciki ya riga ya tsinke, faci ba ya gyara shi. Cire ta a ranar, kuma kada ka mayar da ita safaya.