Sauya fasalin mazaunin injin mota

Sauya fasalin mazaunin injin mota shi ne cire wasu sassan da ke ƙarƙashin bonet a maye gurbinsu da waɗanda ba kamfanin da ya ƙera motar ne ya saka su ba, domin ƙara wa inji ƙarfi, ko canza ƙararsa, ko ƙawata shi. Abubuwa biyu da aka fi taɓawa su ne hanyar shigar iska da kuma murafen ado da ke rufe saman inji. Dalili shi ne ba su da tsada sosai, kuma ana iya ɗaura su da sukundireba da sifana ba tare da an kwance inji ba. Al'adar ta samo asali ne daga Amurka, sannan ta bunƙasa a Japan da Turai. A yawancin motocin yau da kullum, abin da ya fi canzawa shi ne ƙara da kyan gani. Ƙarin ƙarfin da ake samu kaɗan ne, kuma idan aka yi aikin ba bisa ƙa'ida ba yakan jawo wa inji illa.

Tarihi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasa a kudancin jihar Kalifoniya sun riƙa sayen tsofaffin motocin Ford suna ƙara musu gudu domin tsere. Da yawa daga cikinsu sukan cire bonet gaba ɗaya don a ga inji, suna saka murafen alminiyam da aka goge da kuma sassan da aka yi wa rufin kurom mai ƙyalli. Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan kaya sun kafa ƙungiyar SEMA a shekarar 1963, wadda ke gudanar da babban baje koli duk shekara a birnin Las Vegas.

Kamfanonin motoci ma sun shiga harkar. A shekarun 1960 Pontiac ya fitar da tsarin Ram Air a motarsa GTO, inda iska ke shiga kafireto ta wata kafa da ke saman bonet. A 1969 Ford ya saka wa wasu motocin Mustang bakin shan iska da ke ɗaure a jikin inji, yana leƙowa ta bonet yana girgiza tare da injin. Kamfanin K&N, wanda Ken Johnson da Norm McDonald suka kafa a Kalifoniya, ya shahara da matatar iska ta auduga da ake shafa wa mai, ana wankewa a sake amfani da ita.

A shekarun 1990 harkar ta koma kan ƙananan motocin Japan irin su Honda Civic da Integra. Fim ɗin The Fast and the Furious na shekarar 2001 ya ƙara yaɗa ta a duniya.

Yadda iska ke shiga inji

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai da iska a cikin silinda. Injin fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur domin man ya ƙone sarai. Wannan na nufin lita ɗaya ta fetur tana cin iska kusan lita 9,000. Injin lita 2 da ke juyawa sau 6,000 a minti ɗaya yana iya zuƙar iskar da ta kai kusan lita 6,000 a cikin wannan mintin.

A motar da ta fito daga kamfani, iska na shiga ta wani baki da ke kusa da gaban mota, ta bi ta akwatin roba mai ɗauke da matatar takarda, wadda makanikai ke kira filta. Daga nan sai ta wuce wata na'ura mai auna yawanta, ta bi bututu zuwa inji. Na'urar tana aika bayani ga kwamfutar inji, wadda makanikai a Najeriya ke kira birenbos, ita kuma ta ƙayyade yawan man da za a fesa. Akwai kuma ƙananan akwatuna a jikin bututun waɗanda aikinsu shi ne rage ƙarar zuƙar iska.

Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka ta fi ɗaukar oksijin. Idan zafin iska ya tashi daga digiri 30 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, nauyinta a kowace lita yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100. A kan wannan ƙa'ida aka gina dukkan tallan hanyoyin shigar iska.

Ire-iren hanyoyin shigar iska

Nau'i mafi sauƙi shi ne canza matatar kaɗai. Ana barin akwatin kamfani a wurinsa, a cire matatar takarda a saka ta auduga ko ta soso.

Nau'i na biyu shi ne gajeren bututu mai matata mai siffar mazurari a bakinsa. Ana cire akwatin kamfani gaba ɗaya, matatar ta zauna a fili kusa da inji. Yana da arha da sauƙin ɗaurawa, kuma yana sa inji gurnani idan aka taka totur. Matsalarsa ita ce yana zuƙar iskar da lagireto da bututun hayaƙi suka riga suka ɗumama, musamman a cunkoson ababen hawa. Saboda haka wasu kan kewaye matatar da garkuwar ƙarfe.

Nau'i na uku shi ne dogon bututun iska mai sanyi, wanda ke kai matatar can ƙasa bayan bamba ko kusa da taya, nesa da zafin inji.

Akwai kuma dogon bututun da ke hawa ta gefen gilashin gaba zuwa saman rufin mota, wanda ake gani a motocin daji irin su Toyota Land Cruiser. Manufarsa daban ce: kare inji daga ruwa idan ana tsallaka rafi, da kuma shan iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta kusa da tayoyi yawa ba.

Ana auna sakamakon waɗannan canje-canje da na'urar gwada ƙarfin inji. A ƙananan injuna marasa turbo, ƙarin yakan tsaya a 'yan ƙarfin doki kaɗan, kuma yakan bayyana ne idan inji na juyawa da sauri sosai. Akwatunan kamfani na zamani tun asali daga waje suke shan iska, kuma ba su cika taƙaita ta ba. An fi ganin bambanci a injuna masu turbo waɗanda aka sake wa saitin kwamfuta, domin buƙatarsu ta iska ta ƙaru. Sau da yawa ƙarar da ta ƙaru ce ke sa direba jin kamar motar ta ƙara gudu.

Murafen ado

Murfi iri biyu ne a saman inji, kuma ana yawan rikita su. Na farko shi ne murfin bawul, wanda ke ɗaure a kan silinda da gasket yana hana baƙin mai tsiyaya. Wannan sashe ne na inji, kuma ana ƙawata shi da fenti ko kurom. Sunan motar Ferrari Testarossa ta 1984 yana nufin jan kai da harshen Italiyanci, saboda jan fentin da ke kan waɗannan murafe. Honda ma ya yi amfani da jan murfi a injunan motocinsa na Type R.

Na biyu shi ne murfin roba da ke zaune a sama yana ɓoye wayoyi da tiyo. Ya zama ruwan dare tun daga shekarun 1990. Inji yana aiki ko da babu shi, amma da yawa suna da soso a ƙarƙashinsu wanda ke rage ƙarar na'urorin fesa mai, musamman a injunan dizal. Masu sha'awar ado sukan fente shi da launin motar, ko su canza shi da na zaren kabon. Wasu kan ƙara da murfin batir, da hulunan tankunan ruwa da mai na alminiyam, da tiyo masu launi. Masu shiga gasar baje koli har wayoyin lantarki suke karkatarwa ta cikin jikin mota don kada a ga komai sai inji.

Matsaloli

Babbar barazanar dogon bututu ita ce ruwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka idan matatar da ke ƙasa ta nutse a kududdufi, ruwan da ya shiga silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin ko ya fasa injin nan take.

Matsala ta biyu ita ce ƙura. Matatar da ke barin iska ta wuce cikin sauƙi takan bar ƙananan ƙwayoyin ƙura su wuce, su kuma suna cin ringi da bangon silinda a hankali har inji ya fara shan mai. Ana gwada ingancin matatun iska da ƙa'idar ISO 5011. Idan kuma aka cika wa matatar auduga mai, yana iya ɓata na'urar auna iska, sai fitilar gargaɗin inji ta kama, motar ta riƙa shiɗewa. Haka ma idan faɗin sabon bututu ya bambanta da na asali a wurin da na'urar take.

Murfin ado da bai zauna daidai ba yana iya gogar bel ko ya narke a kusa da bututun hayaƙi. Yana kuma ɓoye yoyon mai, sai an ɗaga shi ake gani.

Waɗannan matsaloli sun fi tsanani a ƙasashen Sahel. Wasu motocin da aka yi amfani da su a Amurka suna isowa kasuwannin Afirka ta Yamma da buɗaɗɗiyar matata a jikinsu, alhali ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Maris, ga kuma ambaliya a tituna lokacin damina. A irin wannan yanayi, rufaffen akwati da matatar takarda da ake canzawa a kan kari sun fi kare inji.

Doka da garanti

A jihar Kalifoniya, hukumar kula da tsaftar iska ta CARB, wadda aka kafa a 1967, tana buƙatar hanyar shigar iska ta kasance da lambar amincewarta kafin a yi amfani da ita a titi. Idan babu, motar na iya faɗuwa gwajin hayaƙi. A Jamus, irin waɗannan sassa suna buƙatar takardar izini ko tantancewar masu binciken motoci kamar TÜV, kuma akwai iyakar ƙarar da aka yarda da ita. A Birtaniya wajibi ne mai mota ya sanar da kamfanin inshora canjin da ya yi.

Game da garanti, dokar Magnuson-Moss ta Amurka ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an saka wani sashe da ba nasa ba. Amma yana iya ƙin biyan kuɗin gyara idan sashen ne ya jawo lalacewar.