Ba Kowane Ƙwan Ƙwaro Ne Abokin Gaba Ba

A Sarkin Yamma, cikin fadamar Gulbin Maraɗi, zogala da hatsi su ne arzikin gida. Sau da yawa manomi yakan juya ganye, a gona ko a daji, ya tarar da ƙwai ƙanana da bai sani ba. Wani ya murje su nan take. Wani ya ruga sayen magani. Amma cikin ƙwarin nan akwai masu ɓarna, akwai kuma masu taimako. Ga yadda ake rarrabe su.

Ƙwai masu ɓarna

1. Ƙwai farare-farare, a tare a kan ɗanyen ganyen zogala: galibi na tsutsar zogala ne. Cikin kwana kaɗan suke ƙyanƙyashewa, tsutsa ta cinye ganye.

2. Ƙwai da yawa wuri guda, har 100 ko 200, an rufe su da gashi mai launin toka, a ganyen masara ko dawa: na tsutsar nan ne da ta shigo Afirka a shekarar 2016. A murje su.

3. Ƙwai ƙanana ƙwarai, manne a sabon zangarniyar hatsi: na murzuna ne, tsutsar da ke sassaƙe zangarniya tana zagayawa.

Ƙwai masu amfani

1. Ƙwai rawaya, a tsaye a jere kusa da darɓa: na ɗan ƙwaron nan ne mai baya kamar kifaffen ƙoƙo, mai ɗigo-ɗigo. Shi da ƴaƴansa darɓa suke ci. Tsofaffi suna tune da 1975, shekarar da darɓa ta baza ciwon da ya kashe gyaɗa a ƙasar Maraɗi.

2. Ƙwai guda-guda, kowane a bakin siririn zare kamar gashi: ƴaƴansu ma darɓa suke ci.

3. Dunƙule mai kama da busasshen kumfa a jikin reshe: gidan ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi ne, mai farautar ƙwari.

Duk waɗannan a bar su.

In ba a gane ba fa?

A tsinko ganyen. A sa shi cikin kwalba, a ɗaure bakinta da ƙyalle, a ajiye a inuwa. A riƙa dubawa kowace safiya. Abin da ya fito, shi zai nuna mai ƙwan. Sai a kai wa malamin gona na gwamnati, ko ma'aikatan binciken noma na INRAN da ke Tarna, kusa da Maraɗi. A faɗa masu sunan tsiron da ranar da aka gani.

Maganin feshi ba ya zaɓe: yana kashe mugu, yana kashe mai taimako. Zogala kuwa ganyenta ake ci, har da yara. Don haka manomin kirki yakan duba tukuna. Rigakafi ya fi magani, amma sai an san abokin gaba.